Nasarar da ta yaudari Lib Dem: abin da zaɓen cike gurbi ke nunawa game da ƙaramar jam'iyyar haɗaka

Ranar Alhamis 28 ga Fabrairun 2013 aka yi zaɓen cike gurbi a mazaɓar Eastleigh da ke kudancin Ingila, dab da birnin Southampton. Jam'iyyar Liberal Democrats, wadda aka fi sani da Lib Dem, ta riƙe kujerarta da ratar ƙuri'a 1,771. A lokacin ita ce ƙaramar abokiyar tafiya a gwamnatin haɗaka ta David Cameron na jam'iyyar Conservative, kuma ta kwashe sama da shekara biyu tana shan kashi kusan duk inda aka ajiye akwati. Shugabanninta suka ɗauki sakamakon a matsayin shaida cewa mutanensu suna nan daram. A babban zaɓen Mayun 2015 kujerar ta suɓuce musu da ratar ƙuri'a sama da 9,000, jam'iyyar kuma ta rufto daga kujeru 57 zuwa 8.

Alamun wannan faɗuwa duk suna cikin alƙaluman Eastleigh tun daren da aka ƙirga su. Sai dai ganinsu yana buƙatar a san abin da zaɓen cike gurbi yake aunawa, da abin da yake rufewa.

Yadda ta shiga gwamnati

A zaɓen 2010 babu jam'iyyar da ta samu kujeru 326 da ake buƙata cikin 650 na majalisar dokokin Birtaniya. Conservative ta zo ta ɗaya amma ta gaza da kusan kujera ashirin, Labour ta samu 258, Lib Dem ta samu 57 da kashi 23 cikin ɗari na ƙuri'un ƙasa. Cikin kwana biyar aka ƙulla haɗaka: Cameron ya zama Firaminista, Nick Clegg na Lib Dem ya zama mataimakinsa, jam'iyyarsa ta samu kujeru biyar a majalisar ministoci.

Mai karatu a Najeriya ya saba da irin haɗewar 2013, inda ACN da CPC da ANPP suka narke suka zama APC da tuta ɗaya. Ta Birtaniya ba haka take ba. Kowace jam'iyya ta riƙe sunanta da tutarta, suna zama teburi ɗaya a Landan, amma idan gurbi ya buɗe a wata mazaɓa kowa zai tsayar da ɗan takararsa su gwabza. Shi ya sa zaɓen cike gurbi ya zama ma'auni: mai ƙuri'a yana da damar hukunta ƙaramar jam'iyyar ita kaɗai, ba tare da gwamnati ta faɗi ba.

Kuma akwai abin hukuntawa. Kafin zaɓe 'yan takarar Lib Dem sun sa hannu kan alƙawarin cewa za su yi adawa da ƙarin kuɗin jami'a. Ranar 9 ga Disambar 2010 majalisa ta ɗaga iyakar kuɗin daga fam 3,290 zuwa fam 9,000 a shekara. 'Yan majalisar Lib Dem 28 suka goyi baya, 21 suka ƙi, sauran suka kauce. A Janairun 2011 harajin kayan masarufi ya tashi daga kashi 17.5 zuwa 20, harajin da su da kansu suka yi ta gargaɗin jama'a a kansa lokacin kamfe. Jam'iyyar tana da abin nunawa, musamman ɗaga adadin kuɗin shigar da ba a cire wa haraji, wanda ya tashi daga fam 6,475 zuwa 10,600 kafin ƙarshen wa'adin. Amma ƙa'idar haɗaka ke nan: abin yabo babbar jam'iyya ke kwashewa domin ita ke da Firaminista da ministan kuɗi, abin zargi kuma a raba da ƙaramar, wani lokacin ma ita ke ɗaukar kaso mafi tsoka.

Su wane ne "mutanenmu"?

Kafin a ce masu ƙuri'a sun riƙe amana ko sun watsar, sai a tambaya ko waɗanne masu ƙuri'ar. Kashi 23 ɗin nan na Lib Dem ba jama'a ɗaya ba ce. Akwai 'yan gida na asali, waɗanda aƙidar jam'iyyar ta kwanta musu, kuma su ne mafi ƙaranci. Akwai masu ba da aron ƙuri'a: magoya bayan Labour a kudancin Ingila da suka san jam'iyyarsu ba ta da ta cewa a mazaɓarsu, sai su zaɓi Lib Dem don a tare Conservative, a wasu biranen arewa kuma akasin haka ake yi. Akwai masu huce haushi, waɗanda manyan jam'iyyun biyu suka ishe su. Wannan rukunin ne ya taimaka wa jam'iyyar ta ci shahararrun zaɓukanta na cike gurbi, irin su Newbury da Christchurch a 1993, da Brent East a 2003 lokacin da ake fushi da yaƙin Iraƙi. Sai kuma masu zaɓen mutum, waɗanda ba ruwansu da Landan, abin da suka sani shi ne kansilan da ya sa aka cike ramin titinsu.

Shiga gwamnati da Conservative ya taɓa kowane rukuni ta hanya dabam. Mai ba da aro daga ɓangaren Labour ya ga ƙuri'ar da ya bayar don a tare Cameron ita ce ta ɗora Cameron. Mai huce haushi ba shi da sauran dalili, tunda ba a huce haushin gwamnati da zaɓen jam'iyyar da ke cikinta. Da yawa cikinsu UKIP ta Nigel Farage, jam'iyyar masu son Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, ta buɗe musu ƙofa, wasu suka tafi jam'iyyar Green ta masu kare muhalli. 'Yan gida da masu zaɓen mutum ne kawai ake sa ran za su tsaya. Amfanin zaɓen cike gurbi shi ne yana ba da damar ganin waɗannan rukunoni suna rabuwa, muddin an zauna an tsefe alƙaluman.

Oldham: kashi ya tsaya, mutane sun sauya

Gwajin farko ya zo ranar 13 ga Janairun 2011 a Oldham East and Saddleworth, kusa da Manchester. A 2010 Phil Woolas na Labour ya doke Elwyn Watkins na Lib Dem da ƙuri'a 103 kacal, daga baya kotun zaɓe ta soke nasarar saboda ƙaryar da aka yaɗa kan Watkins a takardun kamfe. Da aka sake, Debbie Abrahams ta Labour ta ci da ratar 3,558.

Abin da ya ɗauki hankali shi ne kason Lib Dem bai faɗi ba: ya tashi daga kashi 31.6 zuwa 31.9. Wanda ya tsaya a nan zai ce jam'iyyar ta jure. Amma ainihin ƙuri'un Watkins sun sauka daga 14,083 zuwa 11,160. Conservative kuwa ta zube daga kashi 26.4 zuwa 12.8, kuma tun lokacin kamfe ake zargin cewa da gangan ta sassauta don kada abokiyar tafiyarta ta kunyata. Bayanin da ya fi dacewa da alƙaluman shi ne tsofaffin masu zaɓen Lib Dem sun tsiyaye zuwa Labour ko sun zauna a gida, magoya bayan Conservative kuma suka ba da aro suka cike gurbin. Irin wannan aro ba ya kai wa babban zaɓe, domin ranar da ake zaɓen gwamnati kowa gidansa yake komawa. A 2015 Lib Dem ta zo ta huɗu a mazaɓar da kusan kashi 13.

Inda ba ta da damar ci

Bayan mako bakwai, a Barnsley Central, babu wanda ke da dalilin ba ta aro, sai ga ainihin lamarin. Daga ta biyu da kashi 17.3 a 2010 ta koma ta shida da kashi 4.2. A Birtaniya kowane ɗan takarar majalisa yana ajiye fam 500, ana mayar masa idan ya haura kashi 5. Wanda ya gaza, kuɗin sun tafi. Kuɗin ba wani abu ba ne ga jam'iyya, kunyar ce ake ji. Cikin zaɓukan cike gurbi 19 da ta shiga tsakanin 2010 da 2015, sau 11 Lib Dem ta rasa wannan ajiya. A Rotherham a 2012 ta zo ta takwas. A Rochester and Strood a Nuwambar 2014 ɗan takararta ya tashi da ƙuri'a 349, ƙasa da kashi ɗaya, a mazaɓar da ta samu kusan kashi 16 shekara huɗu da suka wuce.

Su ma waɗannan sai an rage musu gishiri. Idan takara ta koma tsakanin jam'iyyu biyu, kamar Conservative da UKIP a Rochester, ta uku da ta huɗu ana matse su, domin mutane ba sa son ƙuri'arsu ta tafi a banza. Fitowar jama'a ma takan yi ƙasa ƙwarai: a Manchester Central a 2012 kashi 18 ne suka fita. To amma matsi yana rage kashi 17 zuwa 10 ko 12, ba zuwa 2 ba. Abin da waɗannan sakamako ke faɗi shi ne inda jam'iyyar ba ta da ɗan majalisa ko kansiloli, 'yan gidanta na asali ba su taka kara sun karya ba.

Eastleigh daga kusa

Kujerar ta buɗe ne bayan Chris Huhne, ɗan majalisar Lib Dem mai wakiltar mazaɓar kuma tsohon ministan makamashi, ya amsa laifin karkatar da shari'a: a 2003 ya sa matarsa ta wancan lokaci ta ɗauki laifin gudun wuce sa'a da shi ya yi da mota. Ga jam'iyyar a cikin gwamnatin da ke tsuke bakin aljihu, ga ɗan majalisarta ya sauka da abin kunya, ga kuma zargin cin zarafin mata da ya taso kan Lord Rennard, tsohon babban jami'inta, ana tsakiyar kamfe. Conservative, wadda ta zo ta biyu a 2010, tana ganin ranar karɓar kujerar ta zo.

Sai dai Lib Dem tana da abubuwa a hannu. A al'adar majalisar, jam'iyyar da ke riƙe da kujera ita ke gabatar da buƙatar a yi zaɓe, don haka ita ke zaɓar lokaci. Huhne ya sauka a farkon Fabrairu, aka sa zaɓe ƙarshen watan, kamfen mako uku. Gajeren kamfe yana amfanar wanda ya riga ya shirya, kuma a Eastleigh jam'iyyar ta riƙe kujerar tun 1994, ita ke mulkin ƙaramar hukumar, kansilolin da ke cikin mazaɓar duk nata ne. Ɗan takararta Mike Thornton shi ma kansila ne.

Ga yadda irin wannan aikin yake tafiya. Masu sa-kai suna bin gida-gida da rajistar masu zaɓe, suna rubuta kowa: namu ne tabbas, mai yiwuwa ne, na Labour ne amma ana iya lallaɓa shi, ko na abokan hamayya ne a bar shi. A Eastleigh wannan rajista ta shekara da shekaru ce. Daga ita ake sanin wa za a kai wa wace takarda. Gidan mai goyon bayan Labour ana jefa masa takarda mai ɗauke da zanen alƙaluma da ke nuna Labour ba ta iya ci a nan, takara tsakanin biyu ce. Masu jefa ƙuri'a ta gidan waya ana fara bin su, tunda takardunsu na isa kwanaki kafin ranar zaɓe, kuma ƙuri'ar da ta riga ta shiga akwatin gidan waya babu wani labarin jarida da zai dawo da ita. Ranar zaɓe ana zaunar da mutum a ƙofar kowace rumfa yana karɓar lambar katin waɗanda suka zo, a kai ofis a soke sunayensu, da yamma kuma a bazama ƙwanƙwasa ƙofar magoya bayan da ba su fito ba. Batutuwan da aka riƙa magana a kansu na gida ne, irin su gina gidaje a filayen da ke kewaye da gari. Sunan Clegg da haɗakar Landan an tura su gefe gwargwadon iko.

Sakamakon: Thornton 13,342, Diane James ta UKIP 11,571, Maria Hutchings ta Conservative 10,559, John O'Farrell na Labour 4,088.

Yanzu a yi lissafi. A 2010 Huhne ya samu 24,966, kashi 46.5. Thornton ya samu kashi 32.1, wato an yi asarar sama da kashi 14. Gaskiya ne fitowar jama'a ta ragu daga kashi 69 zuwa kusan 53, amma ko an cire wannan akwai giɓi. Da raguwar ta shafi kowa daidai, da Lib Dem ta samu wajen 19,400. Ta samu 13,342. Mutum kusan dubu shida ke nan suka fice, a ɗaya daga cikin mazaɓun da ta fi ƙarfi, bayan an zuba duk abin da jam'iyyar ta mallaka.

To me ya cece ta? Conservative ma ta yi asarar kusan kashi 14, UKIP kuma ta tashi daga ƙasa da kashi 4 zuwa kusan 28. Ƙuri'un su biyun sun haura 22,000, fiye da rabin duk abin da aka jefa. Abokan hamayya ne suka rabu biyu kusan daidai, Thornton ya bi ta tsakiya ya wuce. Abu ɗaya da za a iya kira riƙon amana shi ne kason Labour bai motsa ba, daga 9.6 zuwa 9.8, alamar cewa masu ba da aro daga wannan ɓangaren ba su koma gida da yawa ba. Wannan nasara ce ta gaske ga masu kamfen, amma ta rataya ne kan sharaɗin cewa takarar za ta ci gaba da zama ta gida, ba ta wanda zai mulki ƙasa ba.

Kuskuren da aka gina a kai

Daga Eastleigh jam'iyyar ta fito da tunanin cewa za ta tunkari 2015 tamkar zaɓukan cike gurbi 57, kowane ɗan majalisa ya kare gidansa da sunansa da aikinsa, a manta da ƙuri'un jin ra'ayi na ƙasa da ke ba ta kashi 8 ko 10. Binciken ra'ayi na mazaɓu da Lord Ashcroft, attajiri ɗan Conservative, ya riƙa ɗaukar nauyi ya ƙara musu ƙarfin gwiwa, domin idan aka sake tambayar mutum aka ce ya yi tunanin mazaɓarsa da 'yan takararta, kason Lib Dem yakan ɗaga sosai.

Matsalar ta farko ta ma'aikata ce. Zaɓen cike gurbi gayya ce: jam'iyya ta kwaso ministoci da 'yan majalisa da masu sa-kai daga ko'ina a ƙasar ta zuba su gona ɗaya, kuma ba a auna ƙarfin manomi da kunyoyin da aka yi masa ranar gayya. Ranar babban zaɓe kowa yana mazaɓarsa. Doka ma ta bambanta: a lokacin ana iya kashe har fam 100,000 a zaɓen cike gurbi, alhali a babban zaɓe iyakar ɗan takara a makonnin ƙarshe ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba. Ga shi kuma zaɓukan ƙananan hukumomi na kowace shekara suna cinye kansilolin jam'iyyar, waɗanda su ne ƙafafun da ke raba takardu. A zaɓen majalisar Turai na 2014 wakilanta suka ragu daga 11 zuwa ɗaya.

Ta biyu ita ce tambayar da ke gaban mai ƙuri'a ta canja. A zaɓen cike gurbi magoyin bayan Conservative zai iya zaɓar UKIP ya ja kunnen Cameron, gobe Cameron na nan a kujerarsa. A 2015 Conservative ta gina kamfenta kan tsoron cewa Ed Miliband na Labour zai hau mulki da taimakon jam'iyyar SNP ta Scotland, kuma ta kai wannan saƙo kai tsaye cikin mazaɓun abokiyar haɗakarta a kudanci da kudu maso yammacin Ingila. Wannan shi ne babban haɗarin ƙaramar jam'iyyar haɗaka: wanda ya ji daɗin gwamnati yana ganin gara ya zaɓi mai gidan, wanda bai ji daɗi ba kuma ba zai zaɓi ko ɗaya cikinsu ba.

Alƙaluman Eastleigh na 2015 sun nuna hakan ƙarara. Thornton ya samu 14,317, wato ya ma ƙaru da kusan dubu ɗaya kan na 2013. Mims Davies ta Conservative ta samu 23,464, ƙarin kusan dubu goma sha uku. Waɗanda suka tsaya wa Lib Dem a zaɓen cike gurbi sun sake tsayawa. Adadinsu ke nan, kusan babu ƙari. Abin da aka ɗauka ƙasan ƙarfin jam'iyyar a ranar da abubuwa suka fi muni, ashe kusan shi ne iyakar ƙarfinta. A faɗin ƙasa ta rasa kujeru 49: 27 ga Conservative, 12 ga Labour, 10 ga SNP. Abokiyar zamanta ce ta fi kowa yi mata ɓarna.

Wanda zai karanta irin wannan zaɓe a ko'ina, ya fara da ainihin yawan ƙuri'u kafin ya dubi kashi, ya daidaita su da raguwar fitowar jama'a kamar yadda aka yi a sama. Ya dubi abin da ya faru da babbar abokiyar haɗaka: idan ta zube ƙaramar ta tsaya, akwai aro a ciki. Ya haɗa ƙuri'un abokan hamayya ya tambaya ko za su sake rabuwa haka idan mulkin ƙasa ake nema. Kuma kada ya ɗauki mazaɓa ɗaya: Barnsley da Eastleigh tare suke ba da hoto, ɗaya tana nuna jam'iyyar ba tare da injinta na kamfe ba, ɗayar tana nuna injin yana aiki fiye da ƙima.

A ƙasashen da ba a yin zaɓen cike gurbi irin wannan, wasu zaɓukan ne ke yin aikin. A Jamus, idan ɗan majalisar tarayya ya bar kujera yawanci na gaba a jerin jam'iyyarsa ne ke hawa, don haka zaɓukan jihohi ake kallo. Jam'iyyar FDP ta shiga gwamnatin Angela Merkel a 2009 da kashi 14.6, ta riƙa faɗuwa a jihohi da dama, ta ɗan farfaɗo a wasu, ciki har da Lower Saxony a farkon 2013 inda aka yi ittifaƙin magoya bayan jam'iyyar Merkel ne suka ba ta aro. A zaɓen tarayya na Satumbar shekarar ta samu kashi 4.8, ƙasa da kashi 5 da doka ta gindaya, ta fice daga majalisar baki ɗaya.

Lib Dem kuwa ba ta sake ƙwace kujera a zaɓen cike gurbi ba sai da ta koma adawa: Richmond Park a Disambar 2016, sannan wasu irin su Chesham and Amersham da North Shropshire a 2021, da Tiverton and Honiton a 2022, inda masu huce haushi da masu ba da aro daga Labour suka dawo mata saboda Conservative ce kaɗai ke riƙe da mulki. A babban zaɓen 2024 ta samu kujeru 72, ciki har da Eastleigh.